Is'haƙa Mahauci da Huhun Ɗiyarsa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Isa ya san Is'haƙa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mahaucin nan mai faɗin kafaɗa da ke rumfar ƙarshe a layin mahauta. Ba ya ɗaga murya wajen kiran masu saye, amma in ya ce maka naman nan na safe ne, to na safen ne. Haifaffen Gatawa ne, cikin ƙasar Sabon Birni, kuma fawa gadonsa ce, uba mahauci, kaka mahauci. Tun bai isa kayar da rago shi kaɗai ba aka ɗora shi a kan wankin kayan ciki, aikin da kowa ke gudu. Shi kuwa bai taɓa ƙi ba. Yakan zauna bakin rijiya da tasarsa, yana juya hanta da tumbi da hanji, yana duba yadda Allah ya zaunar da kowanne a muhallinsa.

Wata rana, yana saurayi, wani makiyayi ya kawo tunkiya da ta karye a ƙafa, ubansa ya yanka. Sai da aka feɗe ta aka ga ashe da ɗa a cikinta, har ya yi gashi. Uban ya yi salati, ya tura wa Is'haƙa ɗan ya ce ya gyara shi. Da ya buɗe ƙirjin ɗan tunkiyar sai ya tsaya. Huhun uwar ja-ja ne, ba nauyi, in ka matsa ya lotsa ya sake tasowa. Na ɗan kuwa duhu gare shi, da nauyi kamar hanta, kuma jiƙe sharkaf. Ya jefa su duka cikin tasar ruwa. Na uwar ya tsaya a sama, na ɗan ya nutse.

"Baba, don mi suhen wanga ya nutse?" in ji shi. Suhe ake ce wa huhu a wajensu.

Uban bai ma juyo ba. "Abin da bai taɓa shaƙar iska ba, mi za ya ɗaga shi? Bai soma aiki ba tukuna. Wanke ka kawo."

Is'haƙa ya karɓi wannan amsa, ya riƙe ta shekara da shekaru. A wurinsa huhu kwance kawai yake cikin ɗa, yana jiran ranar haihuwa.

Bayan ya auri Rukayya ya koma Isa da zama, don kasuwarta ta fi girma. Da safe yana rumfa da ɗanyen nama, da la'asar ya kafa tukuba a ƙofar gidansa yana gashin tsire da balangu. Gidan kusa da tasha yake, saboda haka direbobin motocin Sakkwato suka mai da wurin zangonsu. Har daga Nijar fatake kan yi saƙo a ajiye musu. Rukayya ta haifi maza biyu lafiya lau, Faruk da Marwan, ba wanda ya kai ta asibiti in ba awo ba.

A ciki na uku ne labari ya canza. Cikin ya tsufa, Rukayya ta je awo wurin Malama Mardiyya, ungozomar asibiti, wadda a lokacin ba a daɗe da kawo musu na'urar hoton ciki ba. Malama Mardiyya ta daɗe tana goga abin a kan cikin, ta duba, ta sake dubawa. Daga nan ta ce a kira mata mijin.

"Malam Is'haƙa," in ji ta, "yarinyar tana da rai, tana motsi. Amma na ga zuciyarta ta karkata gefe guda, kamar wani abu na tura ta. Ba ni son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ku tafi Sakkwato a duba."

Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya koma ya rufe rumfa, ya bar yaran wurin maƙwabta, da gari ya waye suna cikin mota.

A babban asibitin da aka tura su, wata likita mai suna Maimunat ce ta gan su. Da za a shiga ɗakin hoto aka ce maza su jira waje. Is'haƙa ya ce, cikin ladabi, shi dai a bar shi ya gani da idonsa, don abin da ya gani ya fi zama masa a kai. Likitar ta dube shi, ta ce ya shigo.

Da fari bai ga komai a allon ba sai baƙi da fari suna yawo. Ta nuna masa kai, ta nuna masa haƙarƙari, ta nuna zuciya tana bugawa. Sannan ta ce su ɗan dakata, kada kowa ya yi magana. Suka zuba wa allon ido. Can sai ya ga wani siririn layi ƙarƙashin haƙarƙarin yana sauka yana hawa, yana sauka yana hawa, ciki na ɗan tasowa tare da shi.

"Ka gani?" in ji likitar. "Numfashi take gwadawa."

Is'haƙa ya matso. "Likita, numfashi kuma? Cikin ciki? Ina ta sami iska?"

"Ba iska take shaƙa ba. Abin da jikinta ke buƙata uwar ke ba ta ta igiyar cibiya. Huhunta cike yake da ruwa, ruwan da shi kansa huhun yake yi."

Nan take tasar ruwan nan ta Gatawa ta faɗo masa a rai. Ya ba ta labarin ɗan tunkiya, da abin da ubansa ya ce. Ta yi murmushi.

"Babanka ya yi gaskiya a kan nutsewar. Amma cewa bai soma aiki ba, a nan aka sami kuskure. Mene ne sana'arka?"

"Mahauci nake."

"To ka san tantanin naman nan mai faɗi da ya raba ƙirji da ciki."

"Na san shi sarai. Kullum sai na yanke shi kafin in kai ga suhe."

"Shi ne layin da kake gani. Tsoka ce, kuma ita ce babbar mai aikin numfashi. Tun ɗa na ciki take sauka tana hawa, ba kullum ba, lokaci-lokaci. Ruwan da ke cikin huhu yana riƙe shi a buɗe, ita kuma tsokar in ta motsa sai ta ɗan ja shi, ta saki. Wannan jan ne ke sa huhu ya yi ta girma, yana fitar da rassa da ƙananan aljifan da iska za ta shiga daga baya. In ba motsi, ko ba wurin buɗewa, sai huhu ya tsaya ƙarami."

Sai ta gyara hoton ta nuna masa ɗaya gefen. A dama layin na motsi yadda ya kamata. A hagu ya kumbura sama kamar an kifa ƙwarya, da ƙyar yake motsawa. Ta ce tsokar wannan gefen ba ta yi kauri ba, saboda haka kayan ciki suka turo ta sama, suka matse huhun hagu, suka ture zuciya.

Rukayya, wadda ke kwance tana jin komai, ta fara hawaye. Is'haƙa ya tambaya ko tantanin ya huje ne. Likitar ta ce a iya abin da take gani bai huje ba, ya dai yi sanyi, kuma wannan ya fi sauƙi. Ya tambaya ko ana iya gyara shi. Ta ce ana iyawa bayan haihuwa, in yarinyar ta jure kwanakin farko, amma ita ba ta yi masa alkawari ba.

"Alkawari na Allah ne," in ji shi. Ya juya wajen matarsa. "Rukayya, share idonki. Gefe guda shina aiki, na gani da idona. Ba za mu koma Isa ba sai da ita."

Haka kuwa aka yi. Suka sauka gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari har lokacin haihuwa ya zo. Yarinyar ta fito da kuka ƙanƙane, leɓɓanta sun yi duhu, gefen ƙirjinta na hagu ba ya tashi daidai da na dama. Aka sa mata iskar oksijin, aka kwantar da ita ɗakin jarirai. Is'haƙa ya yi mata huɗuba a kunne da robar iska a hancinta. Bayan 'yan kwanaki aka shiga da ita tiyata. Likitan da zai yi aikin ya bayyana masa cewa za su naɗe tantanin ne, su ɗinke shi ya miƙe ya sauko, don huhun ya sami wurin buɗewa. Is'haƙa, wanda ya yi rayuwarsa da wuƙa a hannu, ya kasa zama a ranar. Ya yi ta kai da komo a farfajiyar asibitin cikin rana, har wani mai gadi ya kawo masa ruwa. Da aka fito aka ce an yi nasara, ya durƙusa inda yake ya yi sujada. A asibiti aka raɗa mata suna Naja'atu.

Ranar da za a sallame su, Likita Maimunat ta zaunar da su biyun. Ta ce huhun hagu ƙarami ne, amma huhun yaro ba ya gama girma a ciki, yana ci gaba da ƙara aljifansa shekaru bayan haihuwa. Ta ce a kiyaye rigakafi, a kawo ta da zarar tari ya kama ta, in ta girma kada a hana ta wasa. Abu na ƙarshe kuma, wanda ta maimaita, shi ne hayaƙi. Ko na itace, ko na turare, ko na taba, kada ya kusance ta.

Sun iso Isa suka tarar da mahaifiyarsa, Inna Habi, ta zo daga Gatawa don jego. Ta riga ta tara itace, ta haɗa turarukanta, ta shirya hura wuta a ɗaki don mai jego ta gasu, kamar yadda ta yi a haihuwar Faruk da Marwan. Is'haƙa ya durƙusa gabanta.

"Inna, roƙo za ni yi. Kada a hura wuta ɗakin nan, kuma kada a yi turare."

"Kai ka san jego ko ni?" in ji ta. "Da mi anka gasa ni da na haife ka?"

Ya kwashe duk abin da ya gani a Sakkwato ya faɗa mata, da hannu yana nuna yadda tantanin ke sauka da hawa. Ya buɗe zanen jaririyar ya nuna mata ɗinkin. Inna Habi ta daɗe tana kallon ɗan ƙirjin yana tashi yana komawa. Ta ce to, a dafa ruwan wanka can bayan gida, a rufe mai jego da bargo. Is'haƙa ya yi godiya ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi.

"To ka hana ni tawa wuta. Taka fa, ta ƙofar gida? Hayaƙinta ina shike zuwa, in ba cikin gidan ga ba?"

Maganar ta tsaya masa. Gaskiya ne, da la'asar iska kan kwaso hayaƙin tukuba ta shigo da shi har tsakar gida, kuma shi kansa rigarsa da gashinsa duk ƙauri suke yi. Kashegari ya kira wani abokin sana'arsa, Jibrilla, ya ce ya kwashe tukubar da tsinkayen ya kai cikin tasha ya ci gaba, shi ya bari. Direbobi suka yi ta zuwa suna roƙo, wasu har da faɗa, suna cewa hannun Jibrilla bai kai nasa ba. Ya ce su yi haƙuri, za su saba. Gidan ya ji a jikinsa, don gashin tsire ya fi ɗanyen nama kawo alheri, amma ba wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafi.

Naja'atu ta tashi siririya, mai manyan idanu da yawan tambaya. Duk damina sai tari ya kwantar da ita, duk damina sai ta miƙe. Maƙwabta suka riƙa cewa a bar ta cikin gida, kada ta wahala. Is'haƙa bai yarda ba. Shi abin da ya ɗauko daga Sakkwato shi ne huhu da aiki yake girma, saboda haka ya ɗaura niyyar ba nata aiki. Ranar kasuwa ya sayo mata balan-balan ta hura. Ya sa ta tsere da yayyenta. Da ta ɗan tasa ya fara fita da ita da hantsi zuwa bakin gulbi, ta ruga a kan yashi ta dawo, yana tafa mata.

A nan ne ya wuce gona. Wata rana tana fama da mura, ta ce ta gaji, ya ce ta ƙara zagaye ɗaya. Ba ta kai ƙarshe ba ta zube, numfashinta na fita da ƙara, leɓɓanta suka sake yin duhun nan da ya sani. Ya saɓa ta a kafaɗa ya ruga da ita asibiti. Aka sa mata iska, aka yi mata allura, ta farfaɗo. Malama Mardiyya ta fito ta same shi a baranda.

"Malam Is'haƙa, an ce kada a hana ta wasa, ba a ce a mai da ta doki ba. Ɗa ma da ke ciki, ba kullum yake gwada numfashi ba, yana yi yana hutawa. In ta ce ta gaji, ta gaji."

A gida Rukayya ta ƙara masa. "Malam, ni na ɗauki cikinta, ni na yi jinyarta. Daga yau ba ta fita gudu sai na duba ta na yarda."

Ya ce ya ji, kuma ya tsaya a kan hakan. Daga ranar yarinyar ce ke faɗin iyakarta.

Abin da ya zo ya gyara mata numfashi bai fito daga wajen uban ba. A makarantar Islamiyya, malaminta, Malam Ubaidullahi, ya lura muryarta na da daɗi kuma haddarta na da ƙarfi, sai dai takan yanke aya a inda bai kamata ba, numfashi ya ƙare mata. Da ya ji tarihinta bai tausaya mata har ya ƙyale ta ba. Ya koya mata ta zauna a miƙe, ta ja iska a hankali har cikinta ya taso maimakon kafaɗunta, ta kuma sake ta kaɗan-kaɗan. Ya nuna mata wuraren da ya halatta a tsaya, don mai gajeren numfashi ya san inda zai huta ba tare da ya ɓata ma'ana ba. Shekara na zuwa na wucewa, ayar da take rabawa uku ta koma tana rabawa biyu. Is'haƙa in ya dawo kasuwa yakan zauna a zaure da kayan aikinsa, yana wasa wuƙaƙe yana saurarenta.

Shekarun baya-bayan nan ba su yi wa kowa daɗi ba a wannan yanki. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyuka, Inna Habi ta baro Gatawa ta dawo gidan ɗanta da zama gaba ɗaya. Dabbobi suka yi wuya, makiyayan da Is'haƙa ya saba saye a hannunsu wasu suka tsallaka Nijar. Akwai ranakun da akuya guda ce a rumfarsa. Bai rufe ba.

A cikin wannan hali ne Naja'atu ta shiga musabaƙar karatun Alƙur'ani ta 'yan mata a Isa, ta yi ta ɗaya a rukuninta, aka ce za ta wakilci garin a Sakkwato. Rukayya ta ce hanya ba lafiya. Inna Habi ta ce a bari sai baɗi. Is'haƙa ya je tasha ya tambayi direbobin da ya sani, suka ce a bi ayarin safe, tare da rakiya. Ya dawo ya tambayi yarinyar ko tana son zuwa.

"Za ni, Baba," in ji ta.

"To ni za ni kai ki."

Suka isa lafiya. Zauren ya cika, ga alƙalai a jere. Da aka kira sunanta ta hau ta zauna a miƙe, aka ja mata baƙi, wato farkon ayar da za ta karanta, ta kama. Muryar ta fito a natse. A tambaya ta biyu aka ba ta wata doguwar aya, ta tsaya a tsakiya inda ya halatta, ta ja numfashi, ta ɗora. Wata yarinya daga cikin gari ta karanta irinta a numfashi guda, ita ta yi ta ɗaya. Naja'atu ta zo ta uku.

Da suka fito, Is'haƙa ya ɗauka za ta yi kuka, har ya shirya abin da zai faɗa mata. Sai ya ga tana duba takardar shaidarta tana lissafi da baki.

"Baba, baɗi rukunin gaba za ni shiga. Malam ya ce in na dage ina iyawa."

"Kin tambayi mahaifiyarki?"

"Kai za ka faɗa mata."

Ya yi dariya har mutanen da ke wucewa suka juyo. "A'a, wagga ke za ki faɗa mata da bakinki. Ni na ɗauki nawa faɗan a kan wagga tafiya. Taho mu nemi abinci, kada motar Isa ta cika ta bar mu."